Zaɓen Sassan Kwamfutar Wasa ga Mai Haɗin Farko: Nazari daga Garin Tsiga

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazari a kan yadda mutumin da bai taɓa haɗa kwamfuta ba zai zaɓi sassan da zai harhaɗa ta wasa da su, idan yana zaune a gari irin Tsiga, ta Ƙaramar Hukumar Bakori a kudancin Jihar Katsina. Abin da ake nufi da kwamfutar wasa a nan shi ne ta tebur wadda ake sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa, musamman domin wasanni masu nauyin hoto, irin su ƙwallon ƙafa da tseren mota da na yaƙi.

Galibin shawarwarin da ake samu game da wannan batu an rubuta su ne domin mutanen Turai da Amurka, inda wutar lantarki ba ta cika ɗaukewa ba, ɗakuna kuma suna da sanyi. Saboda haka masu ba da shawarar sukan fara da tambayar wane katin hoto ne ya fi ƙarfi, sa'an nan su bi sauran sassa, har su ƙare da maganar wuta a layi ɗaya ko biyu. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, a Tsiga da makamantanta wannan jeri yana bukatar a juya shi. Wutar da mutum yake da ita ce za ta yanke masa irin kwamfutar da zai haɗa, domin na'urar da ta fi ƙarfin wutar gidan da aka kai ta, kuɗin da aka kashe mata sun zama kayan ado.

2.0 Halin da Mai Haɗi Yake Ciki a Tsiga

Tsiga tana cikin yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, inda ake noman masara da dawa da auduga da waken suya. Matashin da zai tara kuɗin kwamfuta a irin wannan gari, sau da yawa daga amfanin gona zai same su, ko daga wata sana'ar hannu, kuma tarin yakan ɗauki kaka ɗaya ko biyu. Su kuwa sassan kwamfuta duk daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dalar Amurka. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, bayan da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara kuwa, sai ga dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Ma'anar wannan ita ce kuskure guda wajen zaɓe yana iya cinye wahalar damina sukutum.

Abu na biyu shi ne wuta. Kamfanin KEDCO ne yake rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013. An kasa masu amfani da wuta gida biyar, daga rukunin A wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4, kuma ƙananan garuruwa ba kasafai suke samun kansu a rukunin farko ba. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, sakamakon lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta yankin. Janareta kuma ya ƙara tsadar riƙo tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Abu na uku shi ne yanayi. A bazara, watau watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kusanci digiri 40, ɗakin kwano ma yakan fi waje zafi. Da hunturu ƙura takan shiga ko'ina, da damina kuma ga tsawa. Na huɗu shi ne intanet, wanda galibi ta layin waya ake samunsa. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Waɗannan abubuwa huɗu su ne ma'aunin da za a ɗora kowane sashe a kansa a nan gaba.

3.0 Sassan Kwamfuta da Aikin Kowanne

Dalilin da ya sa mutum zai iya sayen sassa daga kamfanoni dabam-dabam ya haɗa su su yi aiki tare ya samo asali ne daga kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a watan Agusta na 1981, wadda aka gina da sassan da waɗansu kamfanoni suka ƙera, har wasu suka sami damar yin irinta. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allo da wuraren ɗaure shi da irin wayoyin wutarsa, kuma har yanzu a kan wannan tsari ake tafiya. Sassan da ake bukata guda bakwai ne.

Na farko furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, mai yin lissafi da ba da umurni. Na biyu babban allo, wanda masu gyara suke kira bod, shi ne shimfiɗar da ake dasa sauran sassa a kanta. Na uku ram, watau ma'ajiyar wucin gadi inda ake ajiye abin da ake aiki da shi a wannan lokaci, wadda takan goge da zarar an kashe na'ura. Na huɗu ma'ajiyar dindindin, inda wasanni da manhajoji suke zaune. Na biyar katin hoto, mai zana abin da ido yake gani. Na shida akwatin wuta, wanda yake karɓar wutar bango ya sauya ta zuwa ƙaramar wuta mai bolt 12 da 5 da 3.3 da sassa suke sha. Na bakwai gidan na'ura tare da fankokinsa. Bayan waɗannan akwai monita da allon rubutu da linzami, waɗanda ba a cikin gidan suke ba, amma dole a sa su a lissafin kuɗi da na wuta.

4.0 Matakan Zaɓe

4.1 Sanin Wasan da Za a Yi

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, ya kamata mai haɗi ya rubuta sunayen wasanni uku ko huɗu da yake son yi, domin kowane wasa yana da mafi ƙarancin sassan da zai yarda ya tashi a kansu, kuma kamfanin da ya yi shi yakan bayyana su. Alal misali wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, yana neman aƙalla ram mai giga 8, da katin hoto irin GTX 1050 Ti ko RX 570, da wurin ajiya na giga 100. Shi kuwa eFootball, magajin PES tun 2021, da GTA V wanda ya fito a kwamfuta a 2015, ba su kai wannan nauyi ba. Haka nan ya kamata a fifita wasannin da ake iya yi ba tare da intanet ba, saboda dalilin da aka ambata a sama.

A nan ne kuma za a tsai da shawara a kan monita. Mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ita ce ta fi yawa a hannun masu wasa a duniya, kuma ita ce ta dace da mai haɗin farko. Monitar da ake kira 4K tana da ɗigo ninki huɗu na wannan, don haka tana bukatar kati mai tsada da shan wuta kafin ta ba da hotuna 60 a daƙiƙa, wanda shi ne gwargwadon da wasa yake tafiya sumul a ido.

4.2 Lissafin Wuta

Wannan shi ne ginshiƙin zaɓe duka. Ana auna wutar da na'ura take sha da wat, wutar da batir yake ajiyewa kuma da wat a cikin awa. A ɗauki batir ɗaya mai bolt 12 da lamba 200Ah, irin wanda ake haɗawa da inbata a gidaje da shaguna. Idan aka ninka 12 sau 200 za a sami 2,400. Batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, saura 1,200 ke nan. Inbata ma tana cin nata rabo wajen sauya wuta, abin da zai rage a hannu bai wuce kimanin 1,000 ba.

To, sai a gwada kwamfuta iri uku a kan wannan batir. Wadda ba ta da katin hoto na dabam, tare da monitarta, za ta sha kimanin wat 130 a lokacin wasa, watau za ta yi kusan awa takwas. Mai matsakaicin kati za ta sha kimanin wat 280, ta yi awa uku da rabi. Mai babban kati irin RTX 4090, wanda shi kaɗai yake shan wat 450, za ta kai wat 700 idan an haɗa da sauran sassa, ba za ta cika awa ɗaya da rabi ba, kuma lissafin nan bai sa fanka ko ƙwan fitila na ɗakin a ciki ba. Ta fuskar sola kuwa, faifai mai wat 400 da ya sami rana mai ƙarfi ta awa biyar zai tara 2,000, idan aka cire kashi ɗaya cikin biyar na asara ya rage 1,600, muddin ana share masa ƙurar hunturu. Batirin lithium yana jure zuƙa fiye da na dalma, sai dai ya fi shi tsada ƙwarai.

Akwai abubuwa biyu da suka danganci ingancin wutar, ban da yawanta. Inbatar da za a ɗora wa kwamfuta ta kasance mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layin gwamnati, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave a jiki, domin akwatunan wuta na zamani sukan yi ƙara ko su kashe kansu a kan inbata mai araha. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, wutarsa hawa da sauka take yi, bai kamata a jona masa kwamfuta kai tsaye ba. Na'urar UPS kuma tana da amfani wajen riƙe wuta na 'yan mintoci har a kashe kwamfuta cikin natsuwa, amma a lura cewa mai lamba 650VA abin da take iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 400 ba.

4.3 Furosesa da Babban Allo

Waɗannan biyu tare ake zaɓensu, domin kowace furosesa tana da irin gurbin da take zama a ciki, kuma ta wani gurbi ba ta shiga wani ko da kamfani ɗaya ya yi su. Kamfanoni biyu ne suke riƙe da kasuwar, AMD da Intel. Gurbin AM4 na AMD ya fito a 2016, yana aiki da ram nau'in DDR4. Magajinsa AM5 ya fito a 2022, ba ya karɓar kome sai DDR5. Gurbin LGA 1700 na Intel ya fito a 2021, allunansa kuwa iri biyu ne, akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, don haka sai an duba kwali da kyau.

Ga mai lissafin batir, furosesa mai ƙwaya shida wadda aka ƙayyade wa wat 65 ta isa. Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F suna cikin wannan aji, sai dai ita ta Intel takan haura wat 100 idan aiki ya yi nauyi. Akwai tarko guda a nan da yake kama masu haɗin farko: waɗannan biyu ba su da sashen zana hoto a cikinsu, idan ba a sa katin hoto ba monita ba za ta nuna kome ba. Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel alama ce ta haka. A wajen AMD kuwa harafin G, kamar a Ryzen 5 5600G ta 2021, yana nuna tana ɗauke da nata sashen hoto mai ɗan ƙarfi, wanda zai iya tafiyar da eFootball da GTA V idan an rage nauyin hoto, ko da yake bai kai ƙarfin katin da FC 24 yake nema ba.

Babban allo ba ya ƙara wa wasa gudu, don haka kashe kuɗi a kan mai fitilu kala-kala ba shi da fa'ida. Abin dubawa shi ne gurbi ya dace, akwai ramukan ram aƙalla biyu, akwai ramin M.2 na ma'ajiya. Tsofaffin alluna irin B450 sukan bukaci a sabunta musu manhajar BIOS kafin su gane furosesar Ryzen 5000, saboda haka ya fi kyau a sayi allo da furosesa a shago ɗaya, a kunna su a gaban mai saye.

4.4 Katin Hoto

Shi ne sashen da ya fi tsada, shi ne kuma ya fi shan wuta, don haka a Tsiga ana auna shi ne da yawan aikin da yake yi a kan kowane wat. GTX 1650 na 2019 yana shan wat 75, kuma da yawa daga cikinsu ba su bukatar wata waya daga akwatin wuta, domin ramin allon da ake dasa kati yana ba da wat 75 da kansa. RX 6600 na 2021 yana shan wat 132, yana da ma'ajiyar hoto ta giga 8. RTX 4060 na 2023 yana shan wat 115, shi ma da giga 8. RTX 3060 na 2021 yana shan wat 170, da giga 12. RX 580 na 2017 kuwa, wanda ya cika kasuwar kayan hannu saboda araharsa, yana shan wat 185, alhali kuwa RX 6600 ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi RX 580 don ya rage kuɗi a kasuwa, zai biya bambancin a hankali wajen batir da fetur.

Har ila yau, a kula da daidaito tsakanin kati da furosesa. Manomi ya san idan aka haɗa ƙaton sa da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, garma ba za ta wuce saurin ƙaramin ba. Haka yake idan aka ɗora kati mai tsada a kan furosesa mai ƙwaya biyu ta shekaru goma da suka wuce.

4.5 Ram da Ma'ajiya

Giga 16 na ram shi ne gwargwadon da ya dace da wasannin yau. Ya fi kyau a saye shi sanda biyu masu giga 8 kowace, maimakon sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗiba daga sanduna biyun a lokaci guda. Wannan ya fi muhimmanci ga mai furosesa irin 5600G, tun da yake sashen hotonta daga ram yake aron wurin aiki. Sandar DDR4 da ta DDR5 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, wanda ya danna da ƙarfi zai karya rami. Farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen 2025, saboda manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira suna saye da yawa, wannan kuwa ya ƙara nuna hikimar sayen abin da ake bukata kawai, a bar rami don ƙari nan gaba.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta kimanin megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, kuma yana da allura mai motsi wadda ɗaukewar wuta ba zato ko jijjigar hanya take iya lahantawa. SSD ba ta da abin da yake motsi a cikinta. Mai waya irin SATA tana kaiwa kimanin megabait 550 a daƙiƙa, mai shiga ramin M.2 nau'in NVMe kuma tana kaiwa 3,500 ko fiye. Tun da wasa ɗaya yana iya cin giga 100, kuma sauko da shi ta layin waya kuɗi ne mai yawa, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a watan Janairu na 2025, ma'ajiya mai terabait ɗaya ta fi mai giga 256 riba, domin mai ita ba zai riƙa goge wasa yana sake sauko da shi ba.

4.6 Akwatin Wuta

A wannan sashe ne masu haɗin farko suka fi yin rowa, a nan ne kuma rowa ta fi haɗari, domin akwatin wuta maras kyau idan ya ƙone yakan tafi da allo da kati. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwatin da ya zo kyauta a cikin gidan na'ura, maras nauyi a hannu, wanda aka rubuta wa babbar lamba ba tare da sunan kamfanin da aka sani ba, abin gudu ne.

Lambar da ke jikin akwati iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba kullum yake shan haka ba. AMD ta ba da shawarar wat 450 ga mai RX 6600, Nvidia kuma wat 550 ga mai RTX 4060. Akwai tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, mai shaida cewa akwati ba ya ɓarnatar da fiye da kashi 20 cikin ɗari na wutar da ya sha. Mai darajar Bronze yana kai kashi 85 a rabin lodi, mai Gold kashi 90. Idan sassa suna bukatar wat 250, na farko zai ja kimanin 294 daga bango, na biyu 278, bambancin kuwa zafi yake zama a cikin ɗaki.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Akwatunan zamani masu kyau suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, abin da yake taimakawa a lokacin da wuta ta zo da rauni. Amma tsofaffin na'urorin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya jona irin wannan a bango makunnin yana kan 115, nan take akwatin zai buga.

4.7 Gidan Na'ura, Zafi da Ƙura

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe mai zafi. Saboda haka idan mai gwaji a Turai ya ce furosesa ta tsaya a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22, a ɗakin kwano mai digiri 38 za ta kai wajen 86. Iyakar da aka sa wa 5600G digiri 95 ce, kuma furosesa idan ta kusanci iyakarta takan rage gudu don ta kare kanta, sai wasa ya fara sarƙewa. Wannan shi ne dalili na biyu na fifita sassa masu ƙarancin shan wuta.

Gidan da ya dace shi ne mai raga a gaba, ba mai gilashi rufe ba, da matatar ƙura wadda ake iya cirewa a wanke. Fankokin da suke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, misali biyu a gaba ɗaya a baya, domin iska ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shiga ta nan. A ɗora na'ura a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a kuma hure ta da abin hura iska akai-akai da hunturu. Bushewar iskar hunturu tana tara wutar nan da takan ɗan ja mutum idan ya taɓa ƙarfe, ita kuwa tana iya kashe ram ko furosesa, don haka mai haɗi ya taɓa ƙarfen gidan kafin ya ɗauki kowane sashe, ya kuma riƙe shi ta gefe. Da damina, idan hadari ya taso, cire waya daga bango ya fi kowace na'urar kariya tabbas.

5.0 Sabo ko na Hannu

Mai saye daga Tsiga yakan nufi Funtuwa ko Zariya don ƙananan kaya, manya kuwa sai Kano, wajen titin Beirut, ko a yi saƙo daga Computer Village ta Ikeja a Legas. Nisan kasuwa yana nufin mayar da kaya maras kyau wata tafiya ce mai cin kuɗin mota, saboda haka gwaji a shago da karɓar rasit mai lambar kaya da wa'adin garanti wajibi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: a je da jerin sassa a rubuce, da farashin da aka tambaya a wurare biyu ko uku.

Furosesa da ram da gidan na'ura ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu. Akwatin wuta da ma'ajiya ya fi kyau a saye su sababbi. Katin hoto na hannu yana bukatar taka-tsantsan, domin a watan Satumba na 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da haƙa ta katin hoto, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, inda ake sauya wa tsohon kati suna. Manhajar GPU-Z tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, CrystalDiskInfo kuma tana nuna awowin da ma'ajiya ta yi tana aiki. A sa wasa mai nauyi ya yi kamar rabin awa a shagon, a duba zafi, a saurari fanka.

Wata hanya mai sauƙin kuɗi ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP a ƙara mata kati. Sai dai akwatin wutarsu ƙarami ne, wayoyinsa kuma sau da yawa na kamfanin ne shi kaɗai, don haka kati mai wat 75 kawai za su ɗauka, masu siririn gida ma sai gajeren kati. Sa'an nan kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman furosesar Intel ta zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wanda zai sayi ta ofis ya tabbata ba ta gaza wannan ba.

6.0 Misalai Biyu na Haɗi

Ga mai batir ɗaya da faifan sola ɗaya: Ryzen 5 5600G, allo mai gurbin AM4 irin A520 ko B550, ram DDR4 sanda biyu masu giga 8, SSD mai terabait ɗaya, akwatin wuta mai wat 450 zuwa 550 na kamfanin da aka sani, da gida mai raga. Fa'idar wannan haɗi ita ce yana aiki tun ranar farko ba tare da kati ba, idan kaka ta gaba ta yi kyau kuma aka ƙara batir, sai a dasa masa kati ba tare da an canza kome ba.

Ga mai batir biyu ko fiye, ko wanda yake nufin buɗe gidan wasa ya riƙa karɓar kuɗi: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F da allon da ya dace da ita, ram giga 16, RX 6600 ko RTX 4060, SSD mai terabait ɗaya, da akwatin wuta mai wat 550. Shi mai gidan wasa ya lissafa kuɗin wutar kowace awa kafin ya yanke abin da zai riƙa karɓa, ya kuma gwada da na'urar PlayStation, wadda yawancin gidajen wasa suke amfani da ita saboda sauƙin riƙonta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kuɗi da wuta da yanayi da intanet suke iyakance zaɓen mai haɗin farko a Tsiga, an kuma bi sassa bakwai ɗaya bayan ɗaya bisa wannan ma'auni. Jerin da maƙalar ta fitar shi ne: a fara da sanin wasa, a lissafa wutar da ake da ita, a ware kuɗin inbata da batir da akwatin wuta mai kyau, sa'an nan abin da ya rage a raba shi tsakanin furosesa da allo da ram da kati. Sunayen sassan da aka kawo za su tsufa nan da 'yan shekaru, kamar yadda na gabansu suka tsufa, amma lissafin wat da awa da digiri zai ci gaba da aiki a kan duk sabon da ya fito. Ya rage ga masu nazarin harshe su duba sunayen da masu gyara da 'yan kasuwa suke ba waɗannan sassa a Funtuwa da Zariya da Kano, domin a sami daidaitattun kalmomin da za a koyar da wannan fanni da su cikin Hausa.